Ba Gajiya

Ka gan shi. Kada ka ce ba ka gan shi ba, domin lungun da ke bayan shagunan turare na Al Buteen ba shi da faɗin da mutum zai wuce mutum bai lura ba. Ka gan shi ya kifa goshi a kan kwalaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen kura, ƙirjinsa na hawa da sauka, takunkumin fuskarsa ya jiƙe sharkaf. Ka matsa gefe kada taya ta goge maka farar shadda, ka zaro waya kana duba saƙon da ba a aiko ba. Tunda ka ƙi tsayawa ranar, yanzu ka tsaya ka ji.

Sunansa Zainul Abideen, mu muka datse shi ya koma Zainu. Mutumin Bangaladash ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a garinsu yana tuka keke mai ƙafa uku, irin wanda ba shi da inji, fasinja biyu a baya, ƙarfin cinya kaɗai ke jan su. Ya sayar da keken ya zo Dubai a 2016. Wani kamfani mai ba da hayar kura ya ɗauke shi, ya ba shi kura mai lamba, da riga mai lamba iri ɗaya, da biza. Dokar kamfanin ɗaya ce ba a wasa da ita: wanda lambar ke jikin rigarsa shi kaɗai zai tura kurar. Ka miƙa wa wani, a karɓe kura. A karɓe kura, a soke biza.

Yawancin dakonsa na Alhaji Ɗantani ne, Bakano mai ofishin kago a Al Buteen. 'Yan kasuwa su sayo kaya su kawo, a auna, a naɗe da salatif, Zainu ya tura zuwa sito a bakin ruwa inda ake loda kwantena. Ɗantani na alfahari da shi. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce, "Gaishe shi da Hausa ka sha mamaki. Ni na koya masa." Baƙo ya gaishe shi, Zainu ya amsa tiryan-tiryan, a yi dariya, a ce wannan saura a yi masa katin ɗan ƙasa.

Sai korona ta zo. Aka yi kulle, jirage suka tsaya, Al Buteen ta yi tsit. Zainu ya zauna a ɗakin da suke kwana su tara a Al Muraqqabat, babu dako, ga hayar kura ba ta san kulle ba. Ciwon ya shiga ɗakin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya fi kowa daɗewa a kwance. Da aka buɗe kasuwa ya dawo, rigarsa mai lamba na reto a jikinsa.

Komai ya tashi. Kuɗin kwantena ya yi sama, kowane mai kago ya ƙara wa kilo kuɗi, ya aika wa kwastomominsa na Kantin Kwari saƙon ban-haƙuri. Kamfanin kura ya ƙara haya. Matar Zainu, Mahfuza, tana turo masa murya daga gida cewa shinkafa da man girki sun fi ƙarfin abin da yake aikowa. Abu ɗaya ne a duk Deira, yankin kasuwannin nan, bai motsa daga inda yake ba, shi ne ladan dako. Da Zainu ya nemi ƙari, Ɗantani ya ce, "Ka ga halin da ake ciki. Shwaiya shwaiya." Wato a bi a hankali. Magana ta mutu a nan.

Wata Talata cikin Oktoba, Hajiya Wasila na zaune a ofishin Ɗantani tana jiran a gama naɗe mata kaya. Bazazzagiya ce mai sayar da abaya da turare, wannan ne zuwanta na farko tun da aka buɗe jirage. Zainu ya loda kwalayenta ya ja kura ya fita. Ɗantani ya bi shi da kallo, sannan ya dubi agogo.

"Hajiya, mutumin nan ya canja."

"Wa bai canja ba? Kai ma tumbinka ya ragu, sai dai kuɗin kilonka ne ya yi ƙiba."

"Bar wasa. Daga nan zuwa sito minti goma sha biyar ne. Shekara huɗu minti goma sha biyar. Yanzu sai ya yi arba'in, wani lokacin awa."

"Wataƙila salla yake tsayawa."

"Ƙarfe sha ɗaya na safe? Sallar me?"

"Walaha. Ku Kanawa ba ku san ta ba, lokacin kuna kasuwa."

Ɗantani bai yi dariya ba. Ya matso da kujera, ya rage murya, ko da yake ba kowa a ofishin sai su biyu.

"Shekaranjiya na ga kwali ɗaya gefensa a jiƙe. Jiya na ga ya fito daga lungun masu turare, kuma hanyar sito ba ta bi ta nan ba. Yana ganina ya sunkuyar da kai. Kuma kwanan nan ya nemi ƙari na hana. Haɗa lissafin da kanki."

Wasila ta tuna da kwalayenta. Turarenta mai tsada ne, ƙananan kwalabe, irin wanda in an zare uku a kwali ba za a gane ba sai kaya sun isa Zariya.

"An taɓa cewa kaya ba su cika ba?"

"Ba a taɓa ba. Amma ai mai wayo ba ya farawa da yawa."

"To ka tambaye shi mana."

"In tambayi ɓarawo ko ya yi sata?" Ya miƙe ya ɗauki waya. "Zauna ki tsare mini ofis. Yau zan gani da idona."

Ya bi shi daga nesa. Zainu na tafe a hankali, yana turawa yana tsayawa. Da ya kai kwanar da za ta miƙe da shi bakin ruwa, sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya karya ya shige lungun masu turare. Ɗantani ya ji wani irin daɗi, daɗin wanda zatonsa ya tabbata. Ya laɓe bayan wata motar kaya ya kunna bidiyo.

Wani siririn mutum ya fito daga ƙofar baya ta wani gidan abinci da aka rufe. Ba shi da riga mai lamba. Suka yi magana da yarensu, gajeriya. Zainu ya cire rigarsa ya miƙa masa, mutumin ya saka, ya kama kura ya yi gaba da kayan Hajiya Wasila. Zainu ya zame ya zauna a kan dakalin ƙofar.

Ɗantani ya fito yana riƙe da waya a sama.

"Zainu!"

Zainu ya zabura ya miƙe, sai da ya dafa bango.

"Alhaji."

"Ina kayana? Wane ne wancan?"

"Hadi, Alhaji. Ɗaki ɗaya. Shi kai sito. Mafi mushkila." Wato babu matsala.

"Babu matsala? Ka ba ƙaton da ban sani ba kayan mutane ka ce babu matsala?" Mutane sun fara leƙowa daga shaguna. Ɗantani ya ga haka, ya so a shaida cewa shi ba azzalumi ba ne, ya ba shi damar kare kansa. Ya sassauta murya. "To faɗa mini gaskiya. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Jikinka fa? Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Gajiya ce? Ina gajiya?"

Zainu na haki. Ya gyara tsayuwa kamar ɗalibi a gaban malami.

"Ba gajiya, Alhaji."

Ɗantani ya juya ga masu kallo ya buɗe hannu. "Kun dai ji da kunnenku. Lafiyarsa lau, ba gajiya. To me ya rage?" Nan take, a tsaye a cikin lungun, ya tura bidiyon zauren wayar nan namu na 'yan kago, mai mutum ɗari uku da wani abu. Ya rubuta a ƙasa: A yi hattara da mai wannan lamba, yana karkatar da kayan mutane.

Ka kalli bidiyon. Ni ma na kalla. Wani ya sa "Innalillahi". Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da idon mutumin ba. Wani ya tuna cewa a 2018 takalmansa sun ɓata, ko da yake bai tabbatar wa ya yi dakon ba. Kafin La'asar wani mai son a yaba masa ya tura wa mai duba kura na kamfanin.

A sito kuwa, Wasila ta sa aka yanke salatif aka zazzage kwalayenta kaf a gabanta. Ko kwalba ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ta kira Ɗantani ta faɗa masa.

"Yau ne bai samu dama ba," in ji shi. "Ya san ina biye."

Washegari Zainu ya zo ofis babu kura, babu riga mai lamba, sai wata tsohuwar singileti da zane irin nasu. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ɗantani na kan waya, ya juya masa baya. Wasila ta zo karɓar takardar kayanta, ita ce ta dube shi sosai. Ta ga laɓɓansa sun yi duhu. Ta ga yadda yake jan numfashi da baki, kafaɗunsa na ɗagawa, alhali ba komai ya ɗauko ba.

"Zainu, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Hajiya."

Shekarunta na zuwa Dubai sun ba ta Larabcin ciniki, wanda ake yi da baki da hannu. Ta ajiye Hausa gefe.

"Inta taban?" Wato ka gaji?

Kamar ta buɗe famfo. "Taban, Mama. Wajid taban." Ya gaji ƙwarai. Ya dafa ƙirji. "Korona khalas, nafas mafi." Ciwon ya tafi, numfashin bai dawo ba. Da Larabci, da guntuwar Hausa, da hannu, ya zayyana mata. Rabin hanya yake iya turawa, daga nan sai ya ga duhu-duhu. Sau biyu ya faɗi a kan kwalaye, jiƙar da Alhaji ya gani zufarsa ce. Hadi wankin kwano yake yi a gidan abincin nan kafin a rufe shi, yanzu ba shi da komai. Sai suka raba hanya, suka raba ladan, kowa ya samu na burodi. Ya san doka. Shi ya sa yake shiga lungu.

Ɗantani ya sauke waya tun tuni. "To don me jiya ba ka faɗa ba? Sau uku na tambaye ka. A gaban mutane na tambaye ka!"

Zainu ya dube shi da mamaki na gaske.

"Alhaji ce ba a faɗa."

"Ni? Yaushe?"

"Shekara farko. Alhaji ce, ina gajiya. Ni ce, akwai gajiya, da yawa. Duka mutane dariya. Alhaji ce, kai Zainu, haram, Bahaushe ba ya cewa haka. Ko ka mutu, ka ce ba gajiya. Ko asibiti, ka ce da sauƙi." Ya ɗaga yatsa yadda Ɗantani ke ɗagawa in yana koyarwa. "Ni koya da kyau."

Wasila ta saki wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Ka ji ɗalibinka, Malam. Ya haddace."

"Ai wannan gaisuwa ce," in ji Ɗantani. "Jiya ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake yi."

"Da waɗanne kalmomi? Da na gaisuwa. Ina zai san inda gaisuwa ta ƙare tambaya ta fara? Mu da muka sha ta a nono ma sai mun kalli fuskar mutum. Ka kalli tasa?"

Kada ka yi saurin ɗora wa Ɗantani laifin shi kaɗai. Wata huɗu Zainu yana yawo a tsakaninmu da rabin huhu, kullum sai mutum ashirin sun ce masa ina gajiya. Mun ba shi tambayar, mun ba shi amsar, mun hana shi wata amsar, sannan muka riƙa karɓar amsar muna wucewa da zuciya wasai, wai mun kula da talaka.

Zainu ya ciro wata takarda a naɗe daga ƙugunsa. Kamfani ya karɓe kura da riga. Mudir, wato shugaban ofishin, ya ce ya dawo Lahadi ƙarfe tara na safe. Laifin miƙa kura, in rashin lafiya ce ta jawo, ana iya tsayawa a gargaɗi, a mayar da shi dakon cikin sito inda babu doguwar tafiya. Amma bidiyon ya ce karkatar da kaya, kuma kamfani ba ya riƙe wanda 'yan kasuwa suka kira ɓarawo. Sai dai in ɗan kasuwa mai shago a nan, wanda Zainu ya yi wa dako, ya zo da ƙafarsa ya ce kayansa ba su taɓa ɓata ba. In ba wanda ya zo, a soke biza, ya koma gida inda ya riga ya sayar da keken, kuma ko an ba shi wani kyauta ba shi da numfashin tuka shi.

"Shi ke nan, abu ya zo da sauƙi," in ji Wasila. "Lahadi sai ka je, Alhaji."

Ɗantani ya gyara hula. Ya jawo wata takarda a kan tebur ya mayar da ita inda take.

"Hajiya, abin ba haka yake ba. In na je na ce ƙarya na yi, a ƙasar nan ɓata suna a waya ba ƙaramin abu ba ne. Lasisina fa? Kuma ni ban ce ya yi sata ba. Cewa na yi yana karkatar da kaya. Bai karkatar ba? Hanyar sito ta lungu ta bi?"

"Kai dai Bakano ne. Ko a kabari sai ka nemi ragi."

"Kuma wa ya san Hadin nan? Ke kin san shi? Yau kayanki sun cika. Na watan jiya fa? Na mutanen da suka riga suka tafi fa? In na je na rantse, gobe wani ya bugo daga Kano ya ce kwalinsa babu agogo biyar, wa za a kama?"

"An bugo?"

"Ba a bugo ba tukuna."

"To goge bidiyon, ka rubuta cewa kuskure ne."

"Zan duba. Bari abin ya lafa."

Ya buɗe aljihun tebur ya zaro takardar kuɗi guda ya miƙa wa Zainu ba tare da ya dube shi ba. "Ungo, ka sha magani. Allah ya kyauta." Zainu ya karɓa da hannu biyu, domin yunwa ba ta bar masa zaɓi ba.

"Na gode, Alhaji."

"Yalla, sai an jima."

Wasila ba ta haƙura ba. Ranar Alhamis ta ɗauki Zainu suka tafi ofishin kamfanin a Al Muraqqabat. Mudir ya saurare ta da ladabi, ya tambayi sunan shagonta. Ta ce shagonta na Zariya. Ya ce Madam, baƙuwa ce ke, gobe kin tafi, ina son wanda zan samu a nan in magana ta taso. Ta fito ta shiga zauren waya ta yi murya mai tsawon minti huɗu, ta faɗi komai, har da zancen gaisuwar. Mutum ɗari biyu da sittin suka saurara. Uku suka sa "Allah sarki". Ɗaya ya ce a yi hankali dai, mutanen nan sun iya marairaicewa. Ɗaya ya tambayi ko akwai mai sarari a kwantenar da za ta tashi mako mai zuwa, kuma wannan tambayar ce ta samu amsa goma sha ɗaya.

Jirginta ya tashi ranar Juma'a. Bayan sallar Azahar ranar Asabar Ɗantani ya kulle ofis, ya ce yana da kaya a Sharjah sai Litinin.

Ni zan je ofishin kamfanin gobe, amma zuwana ba zai tsinana komai ba. Albashi nake ɗauka a Al Rigga, ba ni da shago, Zainu bai taɓa tura mini ko jaka ba. Kai kuwa ya tura maka. Ya tura maka firji, ya tura maka tayal ɗin gidan da kake ginawa, ya tura maka akwatunan lefen ƙaninka har sito a tsakiyar Yuli, ka buɗe su a gida ka tarar ko ɗan kunne bai ɓace ba. Kana da lasisi, kana da shago, mudir zai saurare ka. Ba a ce ka yi ƙarya ba, ba a ce ka rantse a kan kayan kowa ba. Naka kawai za ka faɗa.

Gobe Lahadi, ƙarfe tara na safe, Al Muraqqabat, bene na biyu a saman shagon canjin kuɗi, ƙofar da kuraye ke jere a gabanta. Rufe shagonka na awa ɗaya. Ɗauko kwafin lasisinka, ka hau benen nan, ka faɗa wa mudir da bakinka cewa mutumin nan bai taɓa cin kayanka ba.